Ƙurjin da bai fito ba shi ake yi wa magani

Ina da shekara 15 ƙurajen fuska suka fara fito mini, kowa a gidanmu ya ce na balaga ne, in na girma za su tafi. Na girma, ba su tafi ba. Na cika 20 suna nan, na gama karatu suna nan, na kama aiki ina da shekara 25 suna nan. Sai ma suka sauya mazauni, suka bar goshi suka sauko haɓa da gefen muƙamuƙi, suka zama manya masu zurfi, irin waɗanda ba sa nuna balle su fashe, sai dai ka ji su a ƙarƙashin fata kamar tsakuwa, ka yi dariya su yi maka zugi. Wanda bai taɓa fama da su ba gani yake ƙaramin abu ne. Ni na san sau nawa na gama shiri tsaf na kalli madubi na fasa fita. Na san yadda nake zaɓar wurin zama a ɗaki don kada haske ya faɗo mini ta kumatun hagu, na kuma san yadda ake ji in mutum yana yi maka magana idonsa na kan haɓarka.

Shekara da shekaru na ɗauka ƙazanta ce. Don haka na kama wanki ba ji ba gani, sau biyar sau shida a yini, da sabulu mai ƙarfi da soso, ina dirza har sai na ji fatar ta ɗaure. Ba a yin awa biyu maiƙon ya dawo, har ya fi na ɗazu. Duk abin da aka ce a gwada na gwada. Na kwana da man goge baki a kan ƙurji, na wayi gari wurin ya ƙone. Na shafa ruwan lemon tsami na fita rana da shi, bayan kwana biyu kumatun ya yi ja yana raɗaɗi, daga nan ya rikiɗe ya zama wani baƙin shati daidai inda yatsuna suka bi, wanda ya fi wata huɗu bai gushe ba. Sai kuma matsa. Kullum da dare, kafin in kwanta, sai na tsaya gaban madubi na bi su ɗaya bayan ɗaya da farce. Wanda ya nuna in matse, wanda bai nuna ba in tilasta masa. Jini ya fito, in goge, in ji kamar na yi wani aiki.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani mai da wata abokiyar aikina ta ba ni. Da zuciya ɗaya ta ba ni, ita ma shi take shafawa, kuma fuskarta sumul take kamar ta jariri. A wata 'yar roba yake, babu rubutu a jikinsa, haɗi ne in ji ta. Cikin kwana goma na ga abin da ban taɓa gani ba. Kumburin ya sauka, jan ya tafi, tabon ya yi haske, fuskar gaba ɗaya ta washe. Mutane suka fara cewa na yi kyau, na yi fari. Ranar da na fara fita ba tare da na lafta hoda ba sai da na yi hawaye don farin ciki. Na ci gaba da shafa shi safe da dare har wata biyar.

A wata na uku na fara lura da wasu abubuwa, amma na ƙi yarda da idona. Wasu ƙananan ƙuraje suka feso a kumatu da kewayen baki, duk girmansu ɗaya kamar an auna. Fatar ta yi siriri har ana hango 'yan jijiyoyi ja a gefen hanci. In na shiga rana sai in ji kamar an kara mini garwashi. Kuma duk ranar da man ya ƙare na yi kwana biyu ban shafa ba, fuskar sai ta tashi, ta yi ja, ta kumbura, ta dinga ƙaiƙayi, sai na nemo shi na shafa take kwantawa. Ban san sunan wannan abu ba a lokacin, na dai san na zama ba ni da iko da fuskata sai da wannan robar.

Yayata ce ta zo ta same ni a irin wannan ranar. Ta kama haɓata ta juya fuskar zuwa taga, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ƙanwata, wannan ya wuce shafe-shafe. Gobe za ki ga likitan fata, ni zan raka ki." Na ce, "Haba Yaya, wa ke zuwa asibiti don ƙuraje?" Ta ce, "Mai ciwo. Ke kuma ciwo ne da ke. Ki tattaro duk abin da kike sawa a fuskar nan, har man gashi, ki zuba a jaka ɗaya."

Likitar dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta zazzage jakar a kan tebur, kwalabe da robobi goma sha ɗaya, ta ware su gefe biyu. Ta buɗe robar nan marar rubutu, ta duba, sannan ta sake duba fuskata da fitila. Ta ce, "'Yata, ba zan iya rantsuwa da abin da ke ciki ba sai an kai shi ɗakin gwaji, amma fatarki ta riga ta gaya mini. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a nan." Ta bayyana mini cewa irin waɗannan haɗe-haɗen da mayukan bilicin sau da yawa ana zuba musu kilobetasol ko betametason, magungunan da aka yi don cututtukan fata masu tsanani, a shafa na ɗan gajeren lokaci bisa umarnin likita, kuma ba a cika sa masu ƙarfin a fuska ba. Suna danne kumburi nan take, shi ya sa mutum yake ganin kamar ya warke. In aka daɗe ana shafawa sai su sirantar da fata, su fito da jijiyoyi, su haifar da nasu ƙurajen, a jiki kuma su kawo nankarwa. Ranar da aka daina sai fatar ta yi bore.

Daga nan ta shiga tambaya. Al'adata tana zuwa daidai? Ina da ciki, ko ina neman samu? Gashi yana fito mini a haɓa ko ƙirji? Ƙurajen suna ƙaruwa in al'ada ta gabato? Wane mai nake sa wa gashina, kuma yana gangarowa goshi? Na yi mamakin abin da ya haɗa fuska da al'ada, sai ta ce akwai matsalar da ke taɓa ma'ajiyar ƙwan mace, mai hargitsa al'ada, mai kawo gashi a haɓa da ƙuraje masu taurin kai, kuma in alamunta suka bayyana sai an yi gwajin jini da hoto, don shafa mai kaɗai ba zai isa ba. Ni tawa al'adar daidai take zuwa, sai dai kwana bakwai kafin ta zo haɓata takan cika.

Sai ta jawo takarda ta zana mini abin da ya sauya tunanina gaba ɗaya. Ta zana wani siririn rami, ta ce wannan ƙofar gashi ce, akwai dubbai a fuska, kowace da 'yar jakar da ke tatso maiƙo a gefenta. Abu huɗu ke haɗuwa kafin ƙurji ya fito. Homon, wato sinadarin da jiki ke samarwa don tafiyar da ayyukansa, musamman wanda ake kira androjin, wanda maza da mata duk suna da shi, yana sa jakar ta ƙara yawan maiƙo. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su zube sai su manne da juna su toshe bakin ramin. A cikin wannan rufaffen wuri mai maiƙo sai wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda take zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje, ta samu wurin hayayyafa. Sai jiki ya turo dakarunsa, wurin ya kumbura ya yi ja ya tara ruwa. Ta ce baƙin ɗigon da nake gani a hancina ba datti ba ne, abin da ya toshe ramin ne iska ta taɓa shi ya yi duhu, ko na wanke sau ɗari ba zai fita ba. Kuma ba a ɗaukar ƙuraje daga wani.

Ta sa bakin biro a ƙasan zanen ta ce, "Ƙurjin da kika gani yau da safe ba jiya ya fara ba. Ya yi makonni yana haɗuwa a nan ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ke shekara goma kina bin waɗanda suka riga suka fito, su kuwa aikinsu ya ƙare. Maganin da zan ba ki na waɗanda ba su fito ba ne. Shi ya sa za ki shafa shi a fuskar duka, har inda babu komai, kuma shi ya sa ba za ki ga amfaninsa gobe ba. Ki ba ni mako 12. Kafin nan kada ki yanke masa hukunci."

Na ce, "Likita, mako 12 fa kika ce?" Ta ce, "Kin yi shekara goma, 'yata."

Mako biyu na farko ba ta bar ni na sa komai ba sai sabulun ruwa mai laushi marar ƙamshi, safe da dare kawai, da tafin hannu ba soso, sai man laushin fata wanda ba ya toshe ƙofofinta, sai man kariya daga rana. Ta rubuta mini doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙwaya ɗaya kullum, saboda manyan nan masu zurfi da kuma ƙurajen da man ya haifar. Ta gargaɗe ni cewa fatar za ta yi bore saboda rashin sitiroyid ɗin da ta saba da shi, kuma haka aka yi. Fuskata ta yi ja kamar an mare ni, ta kumbura, tana zafi, tana saɓa. Waɗannan kwanakin su ne mafi wuya a duk tafiyar. Robar nan na bar ta a teburin likita, kuma na gode wa Allah da na bar ta, don da tana ɗakina a dare na huɗu da na shafa. Abin da nake yi shi ne in jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi in ɗora, in kwanta rigingine ina ƙirga kwanaki.

Doksisaikilin ɗin ma sai da ya koya mini darasi. An gaya mini in sha da ruwa cikakken kofi, kada in kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, kada in haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko na ƙwannafi don suna hana shi shiga jiki sosai. Wani dare na manta ban sha ba sai da na hau gado, na haɗiye shi da kurɓi ɗaya na kwanta. Cikin dare na farka da wani zafi a tsakiyar ƙirji, duk abin da na haɗiya sai in ji yana karta. Kwana uku ina jin sa. Ƙwayar ce ta tsaya a maƙogwaro ta ƙona wurin. Tun daga ranar na mayar da shi na safe, bayan na ci abinci, a zaune, da ruwa mai yawa. Yana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana, kuma ba a ba mai ciki ko ƙananan yara.

Da fatar ta lafa sai aka shigo da ainihin maganin. Da dare adafalin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, wani mai daga dangin bitamin A wanda aikinsa shi ne hana matattun ƙwayoyin nan mannewa su toshe rami. A Amurka tun 2016 aka yarda a sayar da shi ba tare da takardar likita ba, da sunan Differin, amma hakan ba ya nufin wasa ne, don mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Umarnin a fili yake: in wanke fuska, in bar ta ta bushe sarai, in matso kamar girman ƙwayar wake ɗaya, in ɗiga a goshi da kumatu biyu da haɓa, in baje shi siriri, in kauce wa ido da gefen hanci da leɓe, sannan in bi da man laushi. Dare ɗaya in shafa, dare biyu in huta, in fatar ta saba in ƙara. Da safe kuma sabulu mai ɗauke da benzoyil feroksayid, in bar kumfar minti ɗaya zuwa biyu sannan in ɗauraye. Na tambaye ta me ya sa ba ta ba ni mai kashi 10 ba tunda na ga akwai shi. Ta ce mai kashi 2.5 ko 5 yana yin kusan aikin da mai 10 zai yi, bambancin kawai mai 10 ya fi ƙona fata. Ta ƙara da cewa amfanin haɗa shi da maganin sha shi ne bakteriyar ba ta iya sabawa da shi, don haka yana rage haɗarin ta bijire wa maganin.

Abu ɗaya da na manta an gaya mini shi ne benzoyil feroksayid yana cinye launin tufafi. Tawul ɗina shuɗi ya yi dabbare-dabbare, rigar matashin kaina ma haka. Na koma farare.

A mako na huɗu na yi kuskuren da nake jin kowa yana yi. Na ga ƙurajen sun ƙaru maimakon su ragu, wasu ƙanana suna fitowa a wuraren da da ma nakan samu, sai na ce ƙila maganin ne ya yi kaɗan. Na ninka shi, na koma shafawa kullum. Cikin kwana huɗu gefen bakina ya tsage, fatar tana zubowa kamar garin alli, ko ruwa na sa sai na ji raɗaɗi. Na koma wurin likita ina kuka, na ce maganin bai karɓe ni ba. Ta duba ta ce, "Nawa kike matsowa?" Na nuna mata. Ta girgiza kai. Ta ce ƙaruwar da na gani a makonnin farko abu ne da aka sani, waɗanda da ma suke ɓoye ne suke fitowa da sauri, tsagewar kuwa ni na jawo. Ta sa na tsaya kwana biyar ina man laushi kaɗai, sannan na dawo dare ɗaya bayan biyu, wannan karon in fara shafa man laushin, in sa maganin a kai, in sake rufewa da man. Daga nan ban ƙara samun tsagewa ba.

Ita ce kuma ta ce in riƙa ɗaukar hoto sau ɗaya a mako, a wuri ɗaya, da hasken safe, gaba da gefe biyu, in daina binciken fuskata kullum. Wannan shawarar ta taimake ni fiye da yadda na zata. Mai kallon madubi sau ashirin a yini ba ya ganin sauyi, sabon ƙurji kawai yake gani. Amma da na jera hoton mako na biyu da na bakwai sai na ga haɓar ta sauka, manyan nan guda shida sun koma biyu.

Hana hannuna taɓa fuska shi ne yaƙin da babu likitan da zai yi mini. Sai da na fara lura sannan na gane ba a gaban madubi kaɗai nake yi ba. Ina karatu yatsana na yawo a haɓa yana neman tudu, ina waya haka, ina tunani haka, musamman in raina a ɓace yake. Na yanke farcena ƙasa-ƙasa. Na ba da madubin nan mai ƙara girman abu. Na rage hasken banɗaki da dare. Na samu wata 'yar filasta da ake manna wa ƙurji, mai tsotse ruwansa, wadda babban amfaninta a wurina shi ne in yatsana ya kai sai ya tarar da ita ya dawo. Likitar ta nuna mini a zanen nan nata dalilin da ya sa matsa take ɓarna: in ka danna ramin da ya kumbura, wani ɓangare yana fitowa waje, wani kuma yana fashewa ta ciki ya bazu cikin fata, kumburin ya ƙaru, tabon ya yi zurfi. Ƙurjin da zai yi kwana biyar ya tafi, in an matse shi sai ya bar shaidar da za ta yi wata shida. Ban daina rana ɗaya ba. Na sha karya alƙawari, in tashi da safe in ga wurin ya yi baƙi in ji takaici. Amma daga kullum ya koma sau ɗaya a mako, daga nan ya koma ba safai ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Man gashi mai nauyi na daina kai shi gaban kai, ƙurajen bakin goshi suka tafi da kansu. Rigar matashi ina sauyawa sau biyu a mako, fuskar waya ina gogewa, hoda ba na kwana da ita, in na yi gumi ina ɗaurayewa. Batun abinci kuwa na tambaya, don an daɗe ana ce mini in bar wannan in bar wancan. Ta ce abin da bincike ya fi nunawa shi ne kayan zaƙi da abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, da madarar shanu ga wasu mutanen, suna iya ƙara ƙuraje, amma ba su ne tushen ba, kuma kada in azabtar da kaina da yunwa. Na rage lemon kwalba da kayan zaƙi, shi ke nan.

Mako na 12 ya cika ina da ƙurji ɗaya tak a haɓa, shi ma na gabatowar al'ada ne. Na shafa kumatuna na ji su sumul, babu tsakuwar nan a ƙasa. Likitar ta ce in tsayar da doksisaikilin. Na tsorata, na roƙe ta ta ƙara mini wata uku. Ta ƙi. Ta ce maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a zama a kansa, wata uku zuwa huɗu ne a janye, don in aka daɗe ƙwayoyin cutar da ke jiki suna sabawa da shi, ranar da aka buƙace shi don wani ciwon sai ya ƙi aiki. Shi kashe gobara ya zo yi, masu tsaron gidan su ne adafalin da benzoyil feroksayid.

Na tambaye ta game da aisotiretinoyin, maganin sha da na ji ana cewa yana raba mutum da ƙuraje gaba ɗaya. Ta ce gaskiya ne magani ne mai ƙarfi, tun 1982 ake amfani da shi, yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon, kuma ga mai manyan ƙuraje masu barin rami ko wanda sauran magunguna suka gaza a kansa, rahama ne. Amma yana busar da leɓe da ido, yakan buƙaci gwajin jini, kuma yana nakasa jariri a ciki ƙwarai, don haka mace ba ta shansa sai da tabbacin ba ta da ciki kuma ba za ta ɗauka ba har wata guda bayan ta gama. Ba maganin da za a karɓa a hannun ƙawa ba ne. Ni ban kai ga buƙatarsa ba.

Da ƙurajen suka kwanta sai na ga abin da suka bari. Fuskata cike take da baƙaƙen tabo, kowane ɗaya shaidar wani dare a gaban madubi. A gaskiya wannan ya fi ƙurajen daɗewa, kuma ga mu masu duhun fata shi ne rabin ciwon. Fatarmu tana da yawan sinadarin launi, duk inda aka samu kumburi ko rauni sai ta zuba shi a wurin, rana kuma ta ƙara masa duhu. Likitar ta sa na shafa yatsa a kan tabon. Ta ce wanda yake a shafe, launi ne kawai, zai tafi ko da zai ɗauki watanni, wani har ya haura shekara. Wanda ya lotsa ya zama rami kuwa mai ba ya cike shi, sai aikin asibiti. Ina da irin waɗannan guda uku a kumatun hagu, suna nan har yau.

A nan ne na fahimci man kariya daga rana. Da ina ganin na fararen fata ne, mu me rana za ta yi mana. Ashe duk maganin tabon da za ka shafa da dare, in ka fita da rana ba kariya, kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Ta ce in nemi mai lamba SPF 30 ko sama, in shafa tsawon yatsu biyu a fuska da wuya kowace safiya, ko da hadari, in ƙara in zan daɗe a waje. Na sha wahala kafin in samu wanda ba ya mayar da ni toka-toka. Na gwada uku, na huɗun mai ɗan launi ne, shi ya zauna. Ta ƙara mini asid ɗin azelayik da safe, wanda yake rage tabo kuma yake taimakawa a kan ƙurajen. Yana ɗan yin ƙaiƙayi minti kaɗan bayan an shafa, daga baya na daina ji. Na tambayi batun haidurokwinon da ke cikin mayukan haske, ta ce likita yana iya ba da shi na 'yan watanni a kan tabo kawai, amma masu shafa shi shekara da shekaru wasunsu suna ƙarewa da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda yake da wuyar magani. A wata na shida tabon ya dusashe har na daina neman hoda mai kauri. A wata na tara Yaya ta kama haɓata ta juya ni zuwa taga kamar wancan karon, ta ce, "Alhamdulillahi," ba ta ƙara komai ba.

Sai na sake yin wani kuskuren. Na ga fuska ta yi kyau, maganin ya ƙare, na ce ai na warke, ban sake nema ba. Mako uku lafiya lau, mako huɗu lafiya lau, har na fara cewa da ma tuni na daina. A mako na shida na ji tsakuwar nan a ƙarƙashin haɓa, bayan kwana biyu ta zama uku. Na zauna na tuna zanen likita. Tun ranar da na ajiye maganin ramukan suka fara toshewa, ni ce dai ban gani ba sai yanzu. Na koma, ban buƙaci maganin sha ba wannan karon, adafalin ɗin kawai na dawo da shi, amma sai da na sake yin kusan wata biyu kafin fuskar ta daidaita, kuma biyu daga cikin ukun sun bar tabo. Ta ce fata mai saurin toshewa halittarta ke nan, sau da yawa ma gado ne, ana riƙe ta ne da kulawa har shekaru su rage mata maiƙo. Yanzu dare uku ko huɗu a mako nake shafawa, kuma na riga na san ranar da na fara neman haihuwa zan ajiye shi in koma kan azelayik, wanda ta ce shi ba ya cutar da ciki.

Watan jiya 'yar Yaya, mai shekara 14, ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa. Goshinta ya cika da ƙananan ƙuraje, biyu daga ciki sun yi ɓawon jini, na san farce ne. A hannunta akwai wata 'yar roba da ƙawarta ta ba ta a makaranta. Ta ce, "Anti, wai wannan cikin mako ɗaya yake kashe su." Na karɓa na juya ta, babu rubutu a jikinta. Na zaunar da ita a bakin gado, na ɗauko takarda da biro, na zana mata siririn ramin nan da 'yar jakarsa a gefe, na nuna mata hotunana na mako na biyu da na mako na 12. Ta daɗe tana kallon na farkon, ta ce, "Anti, ke ce wannan?" Na ce ni ce. Na kira Yaya a waya muka sa ranar da za mu kai ta wurin likita, robar kuma na sa ta a jakata don in nuna wa likitar, sannan na ɗauko abin yankan farce na ce ta miƙo hannu.